Yadda Ake Wankin Ciwo a Ƙaramin Asibiti Ba Tare da An Ƙara wa Majinyaci Cuta Ba

Manomi zai zo da saran lauje a ƙwauri, ciwo ja wur, babu wari babu mugunya. A wanke, a ɗaure, ya koma gida. Bayan kwana huɗu sai a kawo shi a kan babur, ƙafa ta kumbura tana ruwa, jiki zafi rau. 'Yan uwa za su ce jininsa ne ba kyau. Sau da yawa ba jini ba ne, hannun wanda ya yi wankin ne, ko hantsakin da aka taɓa gyambon wani da shi, ko audugar da ta kwana a buɗe. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna cewa cikin majinyata 100 da aka kwantar a asibiti, 15 kan ɗauki wata sabuwar cuta a ƙasashe irin namu, yayin da a ƙasashe masu arziki 7 ne. Wannan bayani na sabon ma'aikaci ne, nas ko ma'aikacin lafiyar al'umma, da aka tura ƙaramin asibiti a ƙauyukan Kano ko Jigawa, inda wuta ba kullum ba, ruwa sai an ɗebo, kaya kuma sai an yi tattali.

Ƙa'idar aikin guda ce. Duk abin da zai taɓa cikin ciwo, kada wani abu ya riga ya taɓa shi: bakin hantsaki, tsakiyar goz (farin yadin da ake rufe ciwo da shi), bakin sirinji, cikin ɗan kwanon ruwan gishiri. Idan ka yi shakka ko ya taɓu ko bai taɓu ba, ya taɓu. Ajiye shi ka ɗauki wani.

Kayan da za ka tanada

- Ƙunshin wankin ciwo da aka turara, wato aka kashe ƙwayoyin cutar da ke ciki da tururi mai zafi: hantsaki biyu ko uku, almakashi, ɗan kwanon ƙarfe, kwano mai siffar wake, goz kamar guda biyar zuwa goma.
- Ruwan gishiri na asibiti, irin na ƙarin ruwa, mai kashi 0.9 cikin 100.
- Aidin na shafa fata, mai kashi 10 cikin 100.
- Safar hannu iri biyu: ta kwali ta yau da kullum, da turararriya mai zuwa a takarda.
- Bandeji da filasta, rigar leda, takunkumi, leda ta shimfiɗawa ƙarƙashin ƙafa ko hannun majinyaci.
- Sabulu, ruwa mai zuba, da man goge hannu mai sifirit kashi 60 zuwa 80.
- Jik, bokitin shara mai murfi da leda a ciki, da kwalin zuba allurai.

Idan babu famfo, bokiti mai famfo a gindi da wani kwano a ƙarƙashi ya isa. Idan shi ma babu, wani ya riƙe buta ya zuba maka. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu a ciki, ko da an ɗiga masa Dettol ya yi fari.

1. Gyaran kayan ƙarfe, tun kafin majinyaci ya zo

A nan aka fi yin ɓarna, don haka zan daɗe a kai. Turarawa ba ta aiki a kan ƙazanta. Busasshen jini da ya maƙale a haƙoran hantsaki yana kare ƙwayar cuta daga zafi, don haka wanki ne farko. Sa safar hannu mai kauri irin ta wanke-wanke, ka buɗe kowane almakashi da hantsaki, ka goge da buroshi a cikin ruwan omo, hannunka a ƙarƙashin ruwa don kada ya fantsar maka a ido. Ka bi mahaɗa da haƙora sosai. Ɗauraye da ruwa mai kyau, ka bari su bushe.

Da yawanmu an koya mana jiƙa kaya cikin Jik na minti 10 kafin wanki. Littafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 ya daina ba da wannan shawara, saboda Jik na cin ƙarfe, kuma jini na kashe ƙarfin Jik ɗin. Idan tsarin asibitinku har yanzu yana kan jiƙawa, kada ya wuce minti 10. Almakashin da ya kwana a Jik sai ka ga ya yi tsatsa da ƙananan ramuka, a cikin ramukan nan datti ke ɓuya.

Sai turarawa. Tukunyar otokilef tana aiki da tururi a zafin digiri 121: minti 20 ga kayan da ba a naɗe ba, minti 30 ga ƙunshi. Ana fara ƙirga lokaci ne bayan zafin ya kai, ba daga lokacin da aka kunna wuta ba. A bar almakashi da hantsaki a buɗe, kuma kada a cusa kaya har tururi ya rasa hanyar ratsawa. Manna tef ɗin nan mai canza launi a kowane ƙunshi, ka rubuta kwanan wata a kai. Ƙunshin da ya fito a jiƙe bai turaru ba ke nan a wurinmu, domin danshi na jawo ƙwayar cuta ta cikin zane. A sake shi.

Inda babu otokilef, babbar tukunyar matsi mai nauyi a saman murfi tana iya aikin a kan gas ko risho, muddin tana kai matsin da ke ba da digiri 121, kuma robar murfinta ba ta yoyo. Ɗora kayan a kan raga sama da ruwa, kada su nutse. Bari tururi ya yi ta fita na 'yan mintuna ya kori iska kafin ka ɗora nauyin, domin iskar da ta rage a ciki tana hana zafi kaiwa. Da nauyin ya fara motsi ka ƙirga minti 30, ka kashe wuta, ka bar matsin ya sauka da kansa. Kada ka zuba mata ruwan sanyi don sauri.

Idan wannan ma babu, sai tafasawa. Kaya su nutse gaba ɗaya, a rufe tukunya, a ƙirga minti 20 daga lokacin da ruwa ya fara tafarfasa. Ka jefa ko da hantsaki ɗaya a tsakiya, ƙirga ya koma farko. Amma ka sani tafasawa ba ta kashe ƙwayoyin da ke ɓuya cikin ɓawo, irin na tsinkau-tsinkau, wato tetanus. Ta isa a lallaɓa wankin ciwo da ita ranar da babu yadda za a yi, ba ta isa ga abin da zai yanka nama ko ya yi ɗinki ba. Zuba wa kaya sifirit a ƙyasta ashana kuwa ba turarawa ba ce, wutar ba ta daɗe ba kuma ba ta shiga mahaɗa.

Abubuwa uku da za ka tarar a asibitoci da yawa, ka yi ƙoƙarin kawar da su. Na farko doguwar hantsakin ɗaukar kaya da ke tsaye cikin kwalbar Savlon mako guda ba a canza ba. A turara ta da kwalbarta kowace safiya, a ajiye ta a bushe. Na biyu dunƙulen auduga da aka jiƙa da sifirit aka tara a gwangwani: sifirit ya tashi, sai danshi ya rage, kowa kuma na zura yatsa. Jiƙa auduga lokacin da za ka yi amfani da ita. Na uku ƙara sabon magani a kan ragowar tsoho a kwalba. Akwai ƙwayoyin da ke rayuwa a cikin maganin da aka sirka ya daɗe. Kwalba ta ƙare, a wanke ta, ta bushe, sannan a cika. Haka kuma, maimakon babban gwangwanin goz guda da ake buɗewa sau talatin a wuni, naɗe goz biyar-biyar a takarda ko zane, kowane majinyaci da ƙunshinsa.

2. Ɗaki da majinyaci

Kada a yi shara da tsintsiya ana gab da wankin ciwo. A goge ƙasa da ruwa, a ba ƙura kamar rabin awa ta kwanta. Lokacin hunturu rufe taga ta ɓangaren iska, ka kashe fanka. Da damina da lokacin mangwaro ƙuda ne abokin gaba, don haka shara ta kasance a rufe, ciwo kuma kada ya zauna a buɗe kana neman filasta. Goge teburin aiki da ruwan sabulu sannan Jik mai sauƙi, daga sama zuwa ƙasa, ya bushe. Kayan da aka turara a sama, sauran a ƙasa.

Idan masu wankin ciwo sun taru, fara da ɗinki mai kyau da sabon ciwo, ka bar gyambo da mai mugunya zuwa ƙarshe, ko da shi ya riga zuwa. Yi masa bayani da ladabi: "Baba, a yi haƙuri a ɗan jira, naka na buƙatar lokaci, in na sallami yaran nan sai in zauna a kansa." Masu rakiya su jira a waje, a bar mutum ɗaya. Idan ciwon mai zafi ne, kamar ƙuna, a ba da maganin rage zafi kamar minti 30 kafin a fara, domin mai fizge-fizge shi ke tankwaɓe tire.

3. Kai kanka da hannuwanka

Cire zobe, agogo, awarwaro da carbi na hannu. Farce a yanke, babu jan farce. Naɗe hannun riga ya wuce gwiwar hannu. Mata, a cusa bakin hijabi ko mayafi cikin rigar leda a ɗaure shi. Duk wanda ya tsaya ya lura zai ga yadda bakin hijabi ke sharar tire idan an sunkuya, mai shi ba ta ma sani ba. Maza masu faɗin hannun riga su ma haka.

Wanki da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60 ne: tafi da tafi, bayan hannu, tsakanin yatsu, bayan yatsu, babban yatsa, sannan kan yatsu a murza cikin tafi. Babban yatsa da kan yatsu aka fi mantawa, su ne kuma ke taɓa komai. Tsane da takardar goge hannu, ko ka ɗaga hannu iska ta busar. Tawul ɗin da ke rataye a ƙusa tun safe yana mayar maka da abin da ka wanke. Idan hannu babu datti a ido, man sifirit ya isa: cika tafi, a murza daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya bushe da kansa. Idan akwai jini ko ƙasa, ko ka taɓa mai gudawa, sai sabulu da ruwa.

A wankin ciwo guda za ka tsabtace hannu aƙalla sau huɗu: kafin ka haɗa kaya, kafin ka cire tsohon bandeji, bayan ka cire shi, da bayan ka gama. Safar hannu ba ta ɗauke maka ko ɗaya.

4. Buɗe ƙunshi

Duba kwanan wata, ka tabbata a bushe yake kuma bai yage ba. Ɗora shi a kan teburi da ya kai ƙugu ko ya fi. Buɗe leɓen da ke nesa da kai tukuna, sai na dama da na hagu, na kusa da kai a ƙarshe, kana kama ƙarshen kusurwa kawai. Ana bin wannan tsari ne don kada hannunka ya ratsa saman kayan bayan sun bayyana. Gefen zanen, kamar faɗin babban yatsa, santimita biyu da rabi, ɗauke shi a matsayin taɓaɓɓe.

Daga nan kada ka miƙa hannu ta saman tiren, kada ka juya masa baya, kada ka yi tari ko doguwar magana a kansa. Ƙarin goz, ɓare takardarsa ka sake shi ya faɗa tsakiya. Ruwan gishiri, zuba shi daga ɗan sama, kamar santimita 10 zuwa 15, bakin roba bai taɓa kwano ba, kuma a hankali don kada ya jiƙa zane. Robar da aka buɗe a rubuta mata lokaci, ta wuce awa 24 a zubar. Wadda ake soka wa allura a bari a rataye ana ɗiba kwana da kwanaki ba ta da wuri a ɗakin wankin ciwo.

Idan ruwan gishirin asibiti ya ƙare, tafasa ruwa mai kyau lita ɗaya da gishiri gram 9, wato kusan cokalin shayi ɗaya da rabi a shafe, ya huce a rufe, a yi amfani da shi a ranar.

Da dare idan babu wuta, wani ya riƙe maka fitila. Kada ka taɓa waya da safar hannu, ko don haske ko don amsa kira.

5. Cire tsohon bandeji

Da safar kwali ake wannan. Ɗaye filasta zuwa wajen ciwon kana danne fata da ɗaya hannun. Idan goz ya manne, jiƙa shi da ruwan gishiri ka jira, fizgewa na yaye sabon naman da ke tsirowa. Dubi bandejin kafin ka jefar: launin ruwan, yawansa, warinsa. Tuɓe safar ta haɗiye shi a ciki, ka jefa a bokiti, ka tsabtace hannu. Wannan wankin hannu na tsakiya shi ne wanda gaggawa ta fi cinyewa, kuma shi ne ke raba ƙazamin aiki da mai tsabta.

Ka tambayi abin da aka sa wa ciwon a gida, ba da faɗa ba. Toka, garin kafso, baƙin mai, man birki, kashin shanu, duk ana gani. Ka yi faɗa, gobe ba za a gaya maka ba. Ciwon da ƙasa ko kashin dabba ya shiga, ko na ƙusa da ƙaya, a tambayi rigakafin tsinkau-tsinkau. Wanda bai taɓa yi ba, ko bai sani ba, ko ya haura shekara 5 da yi, a yi masa.

6. Wankin

Hanya biyu ce. Ko ka sa turararriyar safa, ko ka yi aiki da hantsaki zalla, yatsa bai taɓa goz ba. Ta biyun ta fi dacewa da mu, tunda turararriyar safa tsada gare ta, a bar ta ga ciwo mai zurfi da sai an sa hannu. Idan za ka sa ta, kama ta farko ta wurin naɗin wuyanta, ɓangaren da zai taɓa fatarka. Ta biyu kuma zura yatsun da ke cikin safa ƙarƙashin naɗin. Daga nan hannu ya tsaya sama da ƙugu, a gabanka. Ka gyara takunkumi ko ka sosa fuska, safar ta tashi aiki.

Da hantsaki biyu, ɗaya na tire ne, ɗaya na ciwo. Na tire ya ɗauko goz, ya tsoma a ruwan gishiri, ya miƙa wa na ciwo ba tare da bakunansu sun haɗu ba. Na ciwo ba ya komawa tire har abada. Riƙe su baki na kallon ƙasa, don in ka ɗaga sama ruwa zai gangaro hannunka sannan ya koma baki.

Shafa ɗaya, goz ɗaya, a jefar. A ɗinki, fara da kan layin daga sama zuwa ƙasa, sannan gefe da gefe kana yin waje. A buɗaɗɗen ciwo, daga tsakiya zuwa baki, kada ka dawo da abin da ya taɓa fata cikin ciwon. Ciwo mai ƙasa da tsakuwa, irin na faɗuwa a babur, feshi ya fi guga: ɗebi ruwan gishiri a sabuwar sirinji mai cin mil 20, ka fesa har ya fita fes, kwanon wake na tare ruwan a ƙasa. Mutum mai ciwo biyu, kowanne da kayansa, a fara da mai kyau.

Ruwan gishiri ya ishi yawancin ciwuka. Sifirit ba ya shiga buɗaɗɗen ciwo. Ruwan nan mai kumfa, wato haidirojin feroksaid, yana burge masu kallo, amma yawan sa shi na ƙona jan naman da ke cike ramin, sai ciwo ya ƙi rufewa. Aidin na fatar da ke kewaye ne da ciwon da ya ruɓa, kuma a bar shi ya bushe. Kada a goge cikin ciwo da auduga, tana barin zare.

7. Rufewa

Tsane gefen ciwo da busasshen goz. Ɗora sabo da hantsaki, ya zarce bakin ciwon ta kowane gefe. Ya sauka a karkace, kada ka ja shi, ƙara wani. Bandeji kada ya matse har yatsu su yi sanyi. Rubuta kwanan wata a filasta. Sabon ɗinki mai kyau a bar shi a rufe awa 48, sai in ya jiƙe ko ya ɓaci, domin yawan buɗewa ƙofa ce ga ƙura.

8. Kwashe kaya

Allura da reza kai da ka yi aiki da su kai za ka jefa a kwali, nan take, ba a mayar wa allura murfi. Kwali ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe shi a kai wurin ƙonawa. Bandeji mai jini a ƙona a rami mai shinge, inda yara da awaki ba sa kaiwa.

Haɗin Jik kuwa, duba ƙarfinsa a jikin roba. Idan kashi 3.5 cikin 100 ne, awo ɗaya na Jik da awo 6 na ruwa shi ne mai ƙarfin 0.5, na inda jini ya zuba. Awo ɗaya da awo 34 na ruwa shi ne 0.1, na goge teburi da gado. A haɗa sabo kowace safiya, a rufe, a kawar daga rana, kuma kada a gauraya shi da wani maganin wanki.

Allura ta soke ka, wanke da sabulu a ruwa mai zuba, kada ka matse ko ka tsotsa. Sanar da shugaban asibiti a take. Maganin kariya daga HIV ana fara shi ne da wuri, kada ya wuce awa 72, a sha kwana 28. Rigakafin ciwon hanta nau'in B allura uku ne, ka yi su tun kafin ranar ta zo.

9. Abin da za ka rubuta da abin da za ka faɗa

Rubuta faɗin ciwo da tsawonsa da santimita, launinsa, ruwan da yake fitarwa, da abin da ka sa. Da wannan wanda zai karɓe ka zai gane ko ana ci gaba ko ana baya.

Ga majinyaci, magana a taƙaice: kada a kwance, kada a barbaɗa komai, kada ruwa ya taɓa. Za a tambaye ka alwala, ka ce a shafa a saman bandeji, sauran bayani malamai na nan. Mai aikin fadama ko shinkafa a gaya masa ƙarara kada ya shiga ruwa da ƙafar, leda da ƙyalle ba sa hana ruwan kwalbati shiga. Ya dawo kafin ranar da aka sa masa idan zafi na ƙaruwa maimakon raguwa, ko wurin ya yi ja ya kumbura, ko mugunya da wari sun fito, ko zazzaɓi ya kama shi.

Akwai waɗanda ba naka ba ne, rubuta musu takarda zuwa babban asibiti a ranar: jan da ke hawa sama da sauri, naman da ya yi baƙi, ɗinkin haihuwa ko na tiyata da ya buɗe, ciwon ƙafa a mai ciwon suga, ƙuna mai faɗi ko ta fuska, da duk wanda muƙamuƙinsa ya fara ƙin buɗewa. Kafin su tafi, zagaye iyakar jan da biro a kan fata ka rubuta lokaci, don likitan da zai karɓe shi ya ga saurin yaɗuwarsa.